Igiyar Ƙasa a Liverpool

A garinmu ba a kiran sunanta in rana ta faɗi.
"Igiyar ƙasa," haka Inna ke cewa,
ta rage murya kamar mai gulmar maƙwabci.

Yau ga ni a Liverpool, hawa na uku,
yayyafi na lasar taga tun asuba,
ni ke riƙe da makullin ɗaki mai ɗumi
inda kububuwa arba'in ke naɗe cikin akwatunan gilashi,
kowacce da lambarta
da ranar da ta ci ɓera.
Ni ke rubuta ranar.

Yayana Jatau, cikin damina,
yana cirar ciyawa a gonar gyaɗa, ƙafa ba takalmi.
Ya ce kamar ƙaya ce.
Kwana huɗu dasashinsa na tsiyayar jini,
asibitin da ke da makari kuwa
yana hayin kogin da ya kawo.
Bayan an rufe shi na tara duwatsu,
duk abin da ke jan ciki na bi shi da jifa:
tsaka, kulɓa, har damo sarkin haƙuri
da bai taɓa ci wa kowa bashi ba.
A shekarar ɓeraye suka cinye mana rumbu biyu.
Ban haɗa wannan lissafi ba
sai da furfura ta fara leƙo gemuna.

Moira ce ta koya mini riƙo,
tsohuwa mai gajerun yatsu da tarin sigari.
"Kada ka matse ta," in ji ta,
"tsoro take ji, irin naka."
Ta tallafe wuyan bisa bakin ƙaramin kofi,
haƙora biyu suka huda leda,
ɗigo ya gangaro, rawaya kamar narkakken man shanu.
Uku. Huɗu. Shi ke nan.
Daga nan sai jikin tunkiya,
daga jinin tunkiya sai kwalba,
kwalba ta hau jirgi
ta je inda Jatau bai samu kaiwa ba.
Ashe mai ƙullin ita ta san bakin zaren.

Ran Asabar Hajjo, 'yata, ta ja ni wani shago
mai warin ciyawa da fitilu ja.
Wani saurayi da zobe a hanci
ya rataya mesa a wuya kamar carbi,
yana yi mata magana a hankali.
Na riƙe kafaɗar yarinya. Ta zame.
Ta kai yatsa ɗaya, sannan tafin hannu duka.
"Baba, ba ta da yauƙi!
Kamar sabuwar tabarma take."
Na tambayi saurayin abin da yake samu.
Ya ce kare yakan yi maka ƙarya da wutsiya,
ita kuwa in ta kwanta a hannunka
ɗuminka kawai take so, ba ta ɓoye ba.
Ya ce a garin da kowa ke gudu
yana son abin da zai yi mako bai yi sauri ba.

Ban saya ba.
Amma na daɗe gaban hawainiya
ina kallon yadda take shawara da kowace ƙafa
kafin ta taka.

Litinin na tarar lamba goma sha bakwai ta yi saɓa,
ta tuɓe tsohuwar riga har da idanu,
ta bar ta a kusurwa, ba ta waiwaya ba.
Shekara talatin ina sanye da tawa.

Da dare Inna ta kira, layi na yankewa.
Ta ce abin ya taɓa ɗan Gambo a masussuka,
an kai shi kan babur, an yi masa allura biyu,
jiya ma ya sha kunu da kansa.
Ta yi shiru. Na ji kukan gyare ta bayanta.
"Waɗannan da kake kiwo," ta ce,
"ana ba su ruwa dai ko?"

Na ce ana ba su, Inna.
Ba ta faɗi sunan ba. Ni ma ban faɗa ba.
Dare ne a can, dare ne a nan.